Na'a-na'a da Danginta: Amfaninsu ga Ƙwaƙwalwa da Inda Haɗarin Yake

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, muna roƙon ka ba mu fili kan wata magana da ta cika wayoyin mutane a nan Yamai. Saƙonnin murya na yawo a WhatsApp, masu talla da lasifika na zagaya Katako da Wadata, duk bakinsu ɗaya: ga man na'a-na'a, ga man romaran, ga man maramiyya, wai yana wanke ƙwaƙwalwa, yana gyara jijiyoyi, yana maganin mantuwa da farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai ƴar gaskiya a cikin zancen, kuma ita ce ke sa sauran ya shiga kunne. Waɗannan ganyaye suna da amfanin da aka auna aka gani. Sai dai amfanin yana cikin ganyen da aka jiƙa a ruwan zafi bisa ma'auni. Man da aka tatso aka zuba a ƴar kwalba kuwa, in aka sha shi da ka, ƙwaƙwalwar da aka ce zai kare ita yake fara bugawa.

Tun daga kalmar ake samun ruɗani. Bahaushe jijiya yake ce wa hanyar jini, jijiya yake ce wa igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, haka ma farin zaren nan da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya kai har ɗan yatsan ƙafa. Mai talla na cewa "maganin jijiyoyi" sai kowa ya ji da shi ake: mai hawan jini, mai ciwon baya, da mai jin tafin ƙafarsa kamar ana tsira masa allura. Mu na ukun muke nufi, wato ƙwaƙwalwa da laka da zaren da ya fito daga cikinsu.

Dangin na'a-na'a, wanda masana tsirrai ke kira Lamiaceae, gida ne babba mai nau'i kusan 7,000. A cikinsa akwai na'a-na'ar shayinmu, da ɗoɗɗoyar da ake sa wa miya, da tim ɗin da ake barbaɗa wa nama, da romaran wanda Larabawa ke kira iklilul jabal, da maramiyya wadda Faransawa ke kira soj, da melis, da lafanda. Rizga da tumuku ma ƴan gidan ne, haka itacen ɗinya. Gane su ba wuya. A murza karan tsakanin yatsu biyu, za a ji yana da kusurwa huɗu, ba ya mirginawa sumul kamar karan gero. Ganye bibbiyu ne suna kallon juna, na sama sun gitta na ƙasa. Furen yana da leɓe biyu. In aka juya ganyen aka duba bayansa da gilashin ƙara girma, za a ga ƴan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar raɓa, nan man ƙanshin yake ajiye, shi ya sa sai an murza ƙanshin ke tashi. Amma kama da wane ba wane ba ne. Lantana, wannan furen shinge mai tarin ƴan furanni ruwan ɗorawa da ja a kai ɗaya, ita ma karanta kusurwa huɗu ne, ganyenta na da ƙanshi, alhali ba ƴar gidan ba ce, kuma tana lalata hantar dabbar da ta ci ta. Sitoronel da ake sa wa shayi ita kuma ciyawa ce, ba ita ce melis ba, ko da yake a Faransanci sunan kan haɗa su.

Abin da ya ja hankalin masu bincike ga wannan dangi sinadarai ne iri biyu. Na farko masu narkewa a ruwa, babbansu asid rosmarinik, wanda wasu masana biyu na Italiya suka fara fitarwa daga romaran a 1958. Yana da yawa a melis da na'a-na'a da maramiyya da ɗoɗɗoya. A ɗakin gwaji yana rage kumburi, yana kuma tare irin lalacewar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwaƙwalwa ta fi kowane sashe fuskantar wannan tsatsa, don nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da muke shaƙa. Na biyu su ne masu tashi a iska, wato man ƙanshi: mantol a na'a-na'a, timol a tim, kafur da sineyol a romaran, tujon a maramiyya. Waɗannan suna ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Na farkon kuwa kaɗan ƙwarai ke wucewa daga hanji zuwa jini, wanda ke isa ƙwaƙwalwa bai ma kai haka ba. A nan ne yawancin tallan ke ɓata hanya. Sakamakon da ake karanto mana na ɓeraye ne da aka ɗirka wa sinadarin tsantsa, ko na ƙwayoyin halitta a faranti, ba na dattijon da ya sha kofi ɗaya bayan la'asar ba.

Gwajin da aka yi a kan mutane bai da yawa, amma ya kamata mai karatu ya ji shi yadda yake. A 2003 likitoci a Tehran ta ƙasar Iran sun ba masu cutar mantuwa ta Alzheimer ruwan maramiyya da aka tace, ɗigo 60 a rana har wata 4, a gwajin mutum 42, suka sake yin irinsa da melis. A duka biyun waɗanda suka sha maganin sun fi waɗanda aka ba ruwan banza cin jarrabawar tunani. Akwai dalilin da zai sa haka ta yiwu: maramiyya na rage aikin sinadarin da ke rusa asetilkolin, manzon da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna wajen riƙe abu, kuma ta wannan ƙofar donefezil, maganin asibiti, yake aiki. Sai dai mutum 42 a wata 4 somin taɓi ne. Da aka faɗaɗa, labari ya sauya. A Ingila, gwajin 2002 a kan mutum 72 ya nuna shafa man melis na kwantar da tsofaffi masu gigin tsufa, amma wanda aka yi a 2011 da mutum 114, aka tsaurara tsari, bai ga bambanci da man banza ba. A Japan an gwada sinadarin melis a gwajin dattawa sama da 300 har mako 96, ba a ga tunanin waɗanda suka sha shi ya fi na sauran ba.

Gwajin da muka fi so mutane su riƙe shi ne na romaran a 2012. An ba tsofaffi 28 garin busasshen ganyen a ma'auni daban-daban. Miligiram 750, wato bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ya ƙara musu saurin tuno abu. Miligiram 6,000 kuwa ya rage shi. Ganye ɗaya, mutane ɗaya, yawa kawai ya bambanta. Duk mai ce maka ka ƙara cokali don aiki ya yi sauri, wannan gwaji ya ba shi amsa. Na'a-na'a irin ta shayinmu ma an gwada ta a Amurka a 2018, a gwajin mutum 90, waɗanda aka ba miligiram 900 na tataccen sinadarinta kullum har kwana 90 suka samu ƙarin kusan kashi 15 cikin 100 a riƙe abu na ɗan lokaci. Amma iri ne na musamman da aka zaɓa don yawan rosmarinik, kuma kamfanin da ke sayar da shi ne ya biya kuɗin binciken, don haka a saurara a ga ko wasu za su maimaita.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ƙananan abubuwa: ciwon kai na gajiya, da damuwa mai sauƙi, da rashin barci. A Jamus a 1996 an shafa wa masu ciwon kan nan mai ɗaure goshi man na'a-na'a mai yaji, kashi 10 cikin 100 a cikin alkol, a goshi da gefen kai, aka maimaita bayan minti 15 da minti 30. Sauƙin da suka samu ya yi daidai da na farasitamol giram 1. An san dalili. A bakin jijiyoyin fata akwai wata ƴar ƙofa da ke buɗewa in an ji sanyi, mantol na buɗe ta ko da babu sanyin, sai saƙon sanyi ya danne na zafi. An gano ƙofar a 2002, kuma David Julius da Ardem Patapoutian, waɗanda ɗakunan bincikensu suka gano ta, su ne suka karɓi kyautar Nobel ta likitanci a 2021. Wannan sauƙaƙa ciwo ne, kuma abu ne mai kyau. Ba gyaran jijiyar da ta lalace ba ne.

To, yaya za a sha? Hukumar magunguna ta Turai ta tsara ma'auni ga baligi, kuma shi muke ba mutane shawara su bi. Busasshiyar na'a-na'a giram 1.5 zuwa 3 a ruwa mililita 150, har sau 3 a rana. Melis giram 1.5 zuwa 4.5, sau 1 zuwa 3. Romaran giram 1 zuwa 2, sau 2 ko 3. Maramiyya giram 1 zuwa 2, kuma kada a wuce mako 2 a jere. Da yake ba kowa ke da sikeli ba, ga kwatanci: babban cokali ɗaya na busasshiyar na'a-na'a kusan giram 1.5 ne don ba ta da nauyi, ƙaramin cokali na melis kusan giram 1, na romaran kusan giram 2. In ɗanyen ganye ne a ninka sau 4, saboda yawancinsa ruwa ne. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan ganyen, a rufe, a bar shi minti 5 zuwa 10. Rufewar nan ita ce rabin aikin. In aka ɗaga murfin za a ga ɗigon ruwa sun taru a cikinsa, a shinshina a ji sun fi shayin ƙanshi, a karkata murfin su koma cikin kofi. Wanda ya bar ganye na tafarfasa a buɗaɗɗiyar tukunya, ɗaki ya sha ƙanshin, shi ya sha ɗacin. An auna irin wannan jiƙo na na'a-na'a aka ga yana kwaso kusan kashi 75 cikin 100 na sinadaran da ke narkewa a ruwa, amma kashi 21 kacal na man. Wato ruwan zafi da kansa yana ɗauko abin da ake so, ya bar yawancin abin da ake tsoro a cikin tuƙa.

Shayin fada, wato majalisar hira, wani abu ne daban, kuma gara a faɗi gaskiya a kansa. Ganyen shayin Sin da aka dafa a kan gawayi har ya yi kauri, aka loda masa sukari, aka jefa reshen na'a-na'a a zagaye na biyu ko na uku, daɗi ne da zumunci, amma ba a lissafa shi a maganin ƙwaƙwalwa. Wanda ya sha na farko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya sayar da barcinsa, kuma babu ganyen da ke yi wa tunani abin da barci ke yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma zama biyu a fada na iya cinye wannan. Mai son amfanin na'a-na'a ya jiƙa ta ita kaɗai, ko ya jefa ta a buta bayan an sauke daga wuta. Sannan a raba shi da abinci. Wani bincike na 1999 ya nuna shayin na'a-na'a mai yaji na rage shigar sinadarin ƙarfe daga abinci zuwa jini da kashi 84 cikin 100, kusan daidai da baƙin shayi. A ƙasar da ƙarancin jini ya addabi mata masu ciki da ƙananan yara, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ƙwaƙwalwar yaro na buƙatar ƙarfen nan wajen girma. A bari awa 1 ko 2 bayan cin abinci. Mai fama da ƙwannafi kuma ya sani na'a-na'a na sassauta bakin tumbi, tana iya ƙara masa.

Wajen busarwa ake yin asara mafi yawa. Zafin da ya wuce digiri 40 yana korar man ganyen, kuma a watan Afirilu inuwar Yamai kanta tana wuce haka da rana tsaka, balle saman kwano. Ganyen da aka shanya a rana yakan koma ruwan ƙasa, ƙanshinsa ya zama na harawa. A yanka da safe bayan raɓa ta bushe, kafin shuka ta yi fure, a wanke, a girgije, a baza a kan tabarma ko faifai cikin ɗaki mai iska, kada wani ya hau kan wani. Lokacin hunturu kwana 3 ko 4 sun isa, a rufa masa yadi marar kauri saboda ƙura. Da damina yana iya kai mako, kuma in ba a juya shi ba sai ya yi fumfuna, wanda ya yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi. Ya bushe in ya karye ƙaras a hannu, yana nan kore. A zuba a kwalbar gilashi mai murfi, a ajiye inda ba haske, ba a leda ba, don man na ratsa leda ya gudu. Kada a daka sai za a sha, kuma bayan shekara a sake sabo. Ruwan zafi na kashe ƙwayoyin cutar da ruwan ban-ruwa ya bari, amma ba ya cire maganin feshi, don haka a tambayi mai lambu yaushe ya yi feshi. Mafi sauƙi ma a shuka a gida: reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a tsige ganyen ƙasa, a tsoma a kofin ruwa, cikin kwana 7 zuwa 10 saiwa ta fito, a dasa a tsohon bokiti mai huji inda rana ba ta dukansa bayan azahar. Romaran shi yashi yake so, yawan ruwa ke kashe shi, ba fari ba.

Yanzu ga man, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. Busasshiyar na'a-na'a mai kyau tana da mai kusan kashi 2 cikin 100. Ƴar kwalba mai mililita 10 ke nan ta tattara man ganye kusan rabin kilo, ɗigo ɗaya kuma ya kai man da ke cikin kofi 4 ko 5 na jiƙo. Mai cewa a sha cokali ɗaya safe da yamma yana cewa ne a sha kofi ɗaruruwa a zama guda. Tujon ɗin da ke cikin man maramiyya yana toshe birkin ƙwaƙwalwa, wato hanyar da sinadarin GABA ke bi ya kwantar da ƙwayoyin da suka ɗauki zafi. In birki ya tafi sai jijjiga. Littattafan likitanci sun rubuta manya da jarirai da suka yi jijjiga bayan shan man maramiyya, ba su da tarihin farfaɗiya. Shi ya sa Turai ta ƙayyade tujon kada ya wuce miligiram 6 a rana. Kafur ɗin da ke cikin man romaran shi ma yana tayar da jijjiga, musamman ga yara. A sayar wa mai farfaɗiya irin wannan mai a ce maganinsa ne, wannan zuba fetur ne a wuta. Kuma sunan kasuwa ba ya wadatarwa: Salvia officinalis tana da tujon da yawa, Salvia lavandulifolia ta Sifaniya kusan babu, amma duk soj ake kiransu. Kwalbar da ba ta ɗauke da sunan Latin, ba a san abin da ke cikinta ba.

Akwai wata ƴar gidan da ta fi kowa haɗari, Mentha pulegium, wadda mutanen Maroko ke kira fliyo. Ganyenta ƙanana ne, ƙanshinta ya fi na na'a-na'a kaifi. Hanta na juya sinadarinta zuwa guba mai kashe hantar kanta, kuma mililita 10 zuwa 15 na man nata na iya halaka baligi. A 1996 likitocin Kalifoniya sun ba da rahoton jarirai biyu da aka shayar da jiƙonta a gida ana zaton na'a-na'a ce, ɗaya ya rasu. Mace mai ciki kada ta kusance ta ko kaɗan. Maramiyya ma mai ciki da mai shayarwa su bar ta a matsayin magani, an daɗe da sanin tana rage nono. Abin da ake sa wa miya na ɗoɗɗoya da tim ba shi da laifi.

Baligi mai son gwada man na'a-na'a don ciwon kai, a fata kawai. Ɗigo 2 zuwa 4 a ƙaramin cokali na man riɗi ko narkakken man kaɗe, a fara gwadawa a cikin hannu, a shafa a goshi da gefen kai nesa da ido, a wanke hannu da sabulu. Wannan bai kai ƙarfin na gwajin Jamus ba, amma a gida gara a fara daga ƙasa.

Ga jarirai maganar ta fi tsanani, kuma a nan muke roƙon iyaye mata da kakanni su saurare mu. Yaro na mura, hanci ya toshe, sai a lakato man zafi a goga masa a ƙofar hanci da ƙirji don ya samu numfashi. Mantol ba ya buɗe hanci, sanyin da yake sa a ji ne ke kama da buɗewa. Ga yaron da bai kai shekara 2 ba, ƙarfin ƙanshin na iya sa maƙogwaro ya shaƙe ko numfashi ya tsaya, kuma mintuna kaɗan ba iska sun isa su bar tabo a ƙwaƙwalwa har abada. Sai kuma cibiya. A 1980 a Legas, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiyar Najeriya, shi da abokin aikinsa sun nuna jariran da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare ƙwayoyin jini daga fashewa, sun fi yin shawara mai tsanani in an barbaɗa wa cibiyarsu hoda mai mantol. Wannan ƙaranci gado ne, ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga ƴaƴa maza, kuma ba a ganinsa da ido. Shawarar jariri in ta yi yawa tana hawa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko sanƙarewar gaɓoɓi. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa, ya ƙi nono, yana kuka mai tsini ko yana banƙarewa, asibiti za a kai shi a ranar, ba jiƙo ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne lokacin da tallan ke cinye wa marasa lafiya. Abubuwan da ke lalata ƙwaƙwalwa a ƙasarmu sanannu ne. Hawan jini na gaba, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ya sallama. Wanda awonsa ke kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban yana buƙatar likita, da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, har da na dunƙulen miya. A nan ɗoɗɗoya da tim ke da aikin da babu gardama a kansa: miyar da ta ji ganyen ƙanshi ba ta neman dunƙule uku. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, a nufi Babban Asibitin Ƙasa ko asibitin Lamorde nan take, kuma kada a ɗura masa komai, don haɗiyarsa ta lalace, ruwan huhu zai tafi. Sanƙarau na nan, ba mu manta 2015 ba, lokacin da aka lissafa mutum kusan 8,500 da rasuwar sama da 500 a ƙasar nan, Yamai na cikin inda ya fi tsanani. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya ba na man shafawa ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai na nan, rigakafinsa gidan sauro da maganin damina da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa, shafa man zafi da tsoma ƙafa a ruwan zafi na iya ƙona shi bai ji ba, gyambo ya biyo baya.

Farfaɗiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata. Wanda ya ajiye fenobarbital, maganin farfaɗiya na asibiti, rana ɗaya don ya koma ga kwalbar mai, jijjigar da za ta dawo tana iya ƙin tsayawa. In mutum ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura, kada a turara masa hayaƙi a fuska. In ta wuce minti 5 a ɗauke shi zuwa likita. Mai shan wannan magani ko maganin barci, in yana son jiƙon melis da dare, ya fara faɗa wa mai ba shi magani, don kasalar na iya haɗuwa ta yi yawa.

Ba raina maganin gargajiya muke yi ba. Galantamin, ɗaya daga cikin magungunan mantuwa da asibitocin duniya ke rubutawa, daga albasar wani fure aka fara samo shi. Ɗoɗɗoyarmu ma ta cancanci a bi ta wannan hanya. Gwajin ɓeraye ya nuna tana kwantar da jiki, amma an san nau'in Ocimum gratissimum kansa ya rabu, wani timol ya rinjaya a mansa, wani ijinol irin na kanumfari, kuma ido ba ya bambanta su. Muna so Jami'ar Abdou Moumouni ta tattaro ta lambunan bakin kogi, da ta Gaya, da ta Tawa, a auna a gaya wa masu maganin gargajiya wace ce wace. Muna so ɗakin gwajin ƙasa na LANSPEX ya riƙa ɗibar kwalaben da ke yawo a kasuwa yana dubawa, a kuma wajabta sunan Latin, da ƙarfin man, da ranar ƙarewa, da gargaɗin yara da masu ciki da masu farfaɗiya a Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kaɗai ba. Gidajen rediyo su daina karɓar tallan da ke cewa ana warkar da farfaɗiya ko shanyewar jiki da mai. Ranar 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, dama ce ta zaunar da masu magani da likitoci kan tabarma ɗaya a yi maganar ma'auni.

Ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa kuma, muna roƙonsu kafin a sallami mai jego su faɗa mata, a gaban kakar jaririn, cewa cibiya a bar ta a bushe da tsabta ko a sa mata kulorheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da asibiti ya bayar, kuma man zafi da hoda mai mantol da ƙwallon kafur na cikin akwatin kaya su yi nesa da jaririn.

Wassalam.

Masu harhaɗa magunguna biyu da malamin ilimin tsirrai,
Yamai.